Katin Jirgi a Hannun Inna

Duk wadda uwarta ke kiran sunanta safe da yamma har ta gaji ta ce "Mama, don Allah ki bar ni in huta", ta gode wa Allah, kuma kada ta yi saurin yanke mini hukunci a kan abin da zan faɗa yau. Sunana Mardiya, ni ce 'yar fari a gidanmu, kuma a gidanmu ba a kiran sunana.

Ba ƙi ba ne, kunya ce. Inna renon ƙauyen Funtuwa ce, irin matan da ko ɗan farinsu ya faɗi a gabansu sai sun jira wani ya ɗaga shi. Ni a bakinta "ke" ce, ko "waccan", ranar da take cikin nishaɗi kuma "yayar Khairat". Ina zaune kusa da ƙafarta za ta dubi ƙanwata ta ce, "Khairat, ce wa yayarki ta miƙo tsintsiya." Baba ma haka, sai dai nasa da ɗan sauƙi. Mun ƙetare hamada mun zo Alƙahira a shekarar 1996, lokacin da Baba, Malam Mainasara, ya samu gurbin karatu, kunyar nan ta biyo mu cikin jirgi, ko jiri bai ɗebe ta ba.

A unguwar Ainu Shams muka kama gida, hawa na huɗu, ɗaki biyu da falo. Wata shida Inna ba ta sauka ƙasa ba, saboda ba ta jin Larabci. Sai dai ta zura kwando da igiya ta baranda, ta yi wa mai tumatir nuni da yatsa. Da abin ya dami Baba, wata rana ya dawo daga unguwar Darrasa da ɗan akwatin katunan koyar da yara, kowane kati da hoto: ƙofa, wata, kyanwa, jirgi, bishiya. Ya kafa doka. Kowace Juma'a bayan abincin rana za mu zauna a kan darduma mu yi da'ira. Ka zaro kati, ka juya ga wanda ke damanka, ka kira sunansa, ka yi masa magana da Larabci a kan abin da ke hoton. Wanda ya yi Hausa ya faɗi, wasa ya tashi, kuma shi zai wanke kwanuka.

"Larabci ba ya jin kunyar kowa," in ji Baba. "A nan aji ne, babu uwa babu 'ya."

Ranar farko ni ce a daman Inna. Ta zaro katin ƙofa, ta juya shi, ta sake juyawa, Baba ya raɗa mata kalmomin, sai na ji ta ce, "Ya Mardiyya, iftahil bab." Wato in buɗe ƙofa. Ina da shekara goma sha huɗu a duniya, ranar na fara jin sunana a bakin matar da ta haife ni. Na tashi kamar zan buɗe ƙofar, na wuce banɗaki na yi kuka har Khairat ta buga mini ƙofa.

Tun daga nan wasan yara ya zama bakin gidanmu. Da na fara al'ada, da katin wata Inna ta yi mini faɗa, da ɗan Larabcinta na kasuwa. Da na faɗi jarrabawa, da katin alƙalami Baba ya lallashe ni. Ko maganar Ya'ƙub a nan ta fashe. Baba ya zaro katin littafi, ya gyara gilashi, ya ce, "Ya Mardiyya, na ga littattafan Darrasa sun yi yawa a ɗakinki, kuma ban ga kina karanta su ba." Khairat ta yi dariya har ta kwanta.

Ya'ƙub Bahaushen Sudan ne, ɗan Maiwurno, yana tsaron kantin littattafan kawunsa a Darrasa. Dogo ne, baƙi, da farar jallabiya kullum kamar shi ya ƙirƙiro bula. Hausarsa irin ta kakanni ce, in yana magana sai ka ɗauka wani tsoho ya shiga jikin saurayi. Ina sonsa, ba zan yi muku ƙarya ba. Manyansa sun zo sun gaisa da Baba, Baba ya ce bai ƙi ba, bai kuma tilasta ba, magana tana hannuna da na uwata.

To a nan gizo ke saƙa. Shekarar 2005 ce, Baba ya gama karatu, ya samu aikin koyarwa a gida, ƙarshen wata za a koma Najeriya gaba ɗaya. In na auri Ya'ƙub, zama ya kama ni a Alƙahira. Gwaggo Husseina, yayar Baba, ta bugo daga Funtuwa tana ihu a waya har maƙwabta na ji: "Mainasara, kada ka kuskura ka bar mini 'ya a uwa duniya! Maza sun ƙare ne a Katsina?" Ita ba ta dame ni ba, Gwaggo ko gaisuwa da ihu take yi.

Abin da ya hana ni barci shi ne Inna. Ta rame, zanen da take ɗaurawa sau ɗaya yanzu sai ta ƙara zagayawa. Ta daina ɗaga hannun hagu. Suna fita asibiti da Baba, su dawo su ce wa Khairat olsa ce. Ni kuwa a kantin magani nake aiki da safe, na kuma ga ƙwayoyin da take ɓoyewa a ƙarƙashin katifa. Ba a ba mai olsa irin waɗannan. Na yanke a raina: in Inna ta ce in biyo ta, zan haƙura da Ya'ƙub ko da zuciyata za ta tsage. In ta ce lafiyarta ƙalau in zauna, zan zauna. Amma daga bakinta nake son ji, kuma hanya ɗaya ce bakinta ke buɗewa gare ni. Ranar Litinin Baba zai je sayen tikiti, Juma'ar nan ce wasanmu na ƙarshe.

Laraba da yamma 'yar Nokia ɗina ta yi ƙara. Saƙon Ya'ƙub ne.

"Salam ya Mardiya. Malam ya ce in zo cin abinci ran Juma'a. Me zan sa? Me zan ce?"

Na rubuta masa, "Ka sa fari. Ka yi shiru."

"Tamam. Na ma fara shirun tun yanzu."

Na yi murmushi na ajiye wayar. Ban gaya masa komai a kan wasan ba. Ku gaya mini, da wane baki za ki ce wa saurayi uwarki ba ta kiran sunanki sai an zaro hoton kyanwa?

Ranar Juma'a na tashi da wuri na tuƙa tuwon shinkafa, na kaɗa ragowar kukar da aka aiko mana daga gida, tunda ba za a ɗauke ta a mayar ba. Falo duk kwalaye ne an ɗaure da igiya, labule ɗaya ya rage, na ƙofar ɗakin Inna. Na sa atamfata mai ruwan ganye da baƙin mayafi, na zizara kwalli, na goge, na sake zizarawa. Kafin su Baba su dawo masallaci na ɗauko akwatin katuna, na lissafa yadda za a zauna, na jera su ta yadda katin jirgin sama zai faɗo a hannun Inna. Eh, na yi maguɗi. Allah ya yafe mini.

Ya'ƙub ya zo da faranti cike da basbusa, wani kayan zaƙi na Masar, yana ƙamshin sandal. Ta bayan labule Inna ta amsa gaisuwarsa, murya can ƙasa, kamar yadda ake yi wa suruki. Suka ci abinci shi da Baba, ya yaba miya har sau uku, ni ina kicin ina saurare. Da aka kwashe kwanuka Baba ya tafa hannu.

"Yalla, a kawo akwati. Ya'ƙub, yau za ka ga ajinmu." Ya faɗa masa dokokin a gurguje, ya ƙara da cewa, "A nan babu suruki, kowa ɗalibi ne."

Sai ga Inna ta fito, ta naɗe da laffaya ruwan toka, ta zauna a hankali tana dafa bango. Ku da kuka san irin su Inna kun san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ba don wasan ba, ko da bulala ba za ta zauna darduma ɗaya da mai neman 'yarta ba. Na yi wuf na zauna a damanta.

Khairat ta fara. Ta zaro kyanwa, ta juya ga Ya'ƙub ta ce masa da Larabci kyanwar gidanmu ta fi shi iya sallama, domin ita ba ta tuntuɓe a bakin ƙofa. Aka yi dariya. Ya'ƙub ya zaro fitila, ya ce wa Baba shi ne fitilar ɗalibai, maganar neman shiga dai, kun san maza. Baba ya zaro bishiya. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya juya ga Inna.

"Ya Batul," ya ce da Larabci, "darbejiyar ƙofar gidanmu ta girma, akwai inuwa, za ki huta."

Muryarsa ta ɗan karye a ƙarshe, ya yi tari ya rufe. Inna ta miƙa hannun dama ta zaro nata.

Ta dubi jirgin. Ta ɗago ta dube ni, kallon da ya nuna ta gane aikina ne. Ban sunkuyar da kai ba.

"Ya Mardiyya."

"Na'am, ya Ummi."

"Ɗayyara..." Wato jirgi. Ta tsaya. "Ɗayyara di... ana..." Ta kai hannu ƙarƙashin hammatarta ta hagu ta riƙe wurin. Leɓenta na motsi, tana laluben kalma. Larabcin Inna na kasuwa ne, kawo, rage, kilo, gobe. Abin da take son faɗa babu shi a wurin mai tumatir. Gumi ya tsatstsafo mata a goshi. Baba ya sunkuyar da kai. Khairat ta daina wasa da igiyar kwali. Mu duka mun san dokar da ba a faɗa: in Inna na neman kalma, jira ake yi, ko da shayi zai tafasa ya huce. Na ga maganar ta taso mata har wuya, saura kaɗan.

"Haba Malam, a tausaya wa Inna mana," in ji Ya'ƙub.

Da Hausa. Da murmushinsa, da ladabinsa, har da ɗan rusunawa.

"Inna, ki faɗa da Hausa kawai, ai duk gida ne. Mardiya 'yarki ce ta cikinki, ni ma ɗanki ne. Me za a ɓoye?"

Wallahi da ya ɗauki farantin basbusar ya kwaɗa mini a ka, da ya fi mini sauƙi. A gaban idona Inna ta tashi daga ɗaliba ta koma uwa, zaune tsakanin 'yar fari da suruki. Ta ja laffaya ta rufe rabin fuska, ta dafa bango ta miƙe.

"Khairat, ce wa yayarki shayi na kan wuta."

Babu wani shayi a kan wuta. Ta shige ɗaki, labule ya faɗo.

"Ka faɗi," Khairat ta ce masa a hankali, ba dariya.

"Ma'alish, ba komai, baƙo ne," in ji Baba, yana tattara katunan.

Na raka Ya'ƙub har bakin matakala. Daga ƙasa mai sayar da gas yana ta buga tukunya da ƙarfe, ƙarar na shiga mini har ƙwaƙwalwa.

"Mardiya, me na yi? Na ga tana wahala ne."

"Na ce ka yi shiru."

"Shirun ganin tsohuwa na gumi? Ni ba a yi mini wannan renon ba."

"Kai auta ne, Ya'ƙub. Uwarka tana kiran sunanka har da waƙa. Ni nan ne kawai take yi mini magana, nan kaɗai, kuma yau ce ta ƙarshe. Ka zo ka rufe."

Ya dube ni kamar yau ya fara ganina. Can ya ce, "Subhanallah. To har yaushe za ku yi ta magana ta bayan kwali? Uwarki ce fa. Ki shiga ki tambaye ta."

Na juya na bar shi tsaye. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne akwai ƙamshin gaskiya a maganarsa, ni kuma a ranar ba gaskiya nake nema ba.

Duk da haka na gwada. Daren Juma'ar na same ta kwance, na durƙusa a bakin gado na ce, "Inna, don girman Allah, me ke damunki?" Ta juya fuska ga bango ta ce, "Wa ya bar mini ƙofa a buɗe, iska na shigowa?" Na tashi na rufe ƙofar daga waje. Baba kuwa ya riga ya cusa akwatin katunan cikin kwalin littattafai ya ɗaure tam. Saƙonnin Ya'ƙub suna ta shigowa, "Ki yafe mini", "Ban sani ba wallahi", ban amsa ko ɗaya ba.

Abin da ya ƙara mini baƙin ciki, Asabar da Lahadi Inna ta wuni a gidan Hajiya Awadiyya, maƙwabciyarmu 'yar Sudan mai haɗa turaren wuta, wadda ke jin Hausa sama-sama. Ta shiga tun safe, sai la'asar ta fito tana ƙamshin hayaƙi. Na ce a raina, wato bare ta fi ni. Ita za a zauna a gaya wa, ni da na fito daga cikinta sai dai in rufe ƙofa. Na ji haushin uwata a kwanakin nan, haushi na gaske.

Litinin da safe na hau saman bene in shanya wankin ƙarshe. Rana ta fara zafi, tattabarun maƙwabta na kewaya sama. Ina matse rigar Baba na ji numfashi a bayana. Inna ce, ita kaɗai, ta jingina da ƙofar matakala tana haki. Rabon da ta hau saman nan tun sanyin bara.

Ta kwance bakin zanenta, ta fito da wani abu a ninke. Katin jirgin ne. Ashe ba ta mayar ba.

"Dori lissa," ta ce. Wato juyinta bai wuce ba.

Rigar ta suɓuce daga hannuna ta koma cikin bokiti. Inna ta tsaya sosai, ta kafa ido a kan katin, ta fara magana da Larabci tsaf, da karin harshen Hajiya Awadiyya, tana jan kowace kalma kamar yarinya mai ba da hadda. A nan na gane abin da ta wuni biyu tana yi a gidan turare. Kalmomi ta je nema.

"Ya Mardiyya. Ciwon a nono yake, ya shiga ƙashi. Likita ya ce aiki ba zai yi amfani ba. Ni na ce wa Malam ya mayar da ni gida, kusa da inda aka binne uwata. Wannan jirgin nawa ne, ba naki ba. Ki zauna. Ki auri yaron nan, yana da tausayi, kin dai gani tausayinsa ya fi hankalinsa yawa. Ba na so ki gan ni yadda zan koma. Ba ke za ki ɗaga mini zane ba, ba ke za ki kai ni bayan gida ba. Wannan umarni ne."

Haddar ta ƙare. Na ga ta tsaya, tana son ƙara wani abu da ba a koya mata ba. Ta yi ta lalube, na jira, ko numfashi ban yi ba. Daga ƙarshe ta samo shi a cikin Larabcinta na kasuwa, kalmomin da take faɗa wa mai tumatir in tana so ya zaɓo mata wanda babu kamarsa.

"Inti awwal wahda," ta ce. "Ahsan wahda."

Ni ce ta farko, ni ce mafi kyau.

Masu karatu, shekara tara na yi a makarantun Masar. Na iya Larabcin littafi, na iya na titi, ina faɗa da direban bas ya rasa ta cewa. Na san juyina ne, na san in na amsa da Larabci za ta tsaya ta saurare ni, mu yi maganar da ba mu taɓa yi ba. Amma na nemi kalma ɗaya a kaina na rasa. Abin da ya fito daga bakina shi ne abin da na sha a nono.

"Wayyo Inna! Inna, ni ba zan iya barinki ba, wallahi ba zan..."

Na ga fuskarta ta rufe tun kafin in kai ƙarshe. Ta ɗora katin a kan katanga, ta gyara laffaya, ta dubi igiyar shanya kamar da ita take magana.

"Wani ya yi Hausa," ta ce. "Wasa ya tashi."

Ta juya ta fara sauka tana dafa bango. Na miƙa hannu in riƙe ta, ta janye kafaɗarta. Haka na bi ta a baya, taki ɗaya tsakaninmu, ina kuka ba sauti, ita kuma ba ta waiwayo ba har muka shiga gida.

Baba na tsaye a falo cikin babbar riga, da fasfo ɗinmu a hannu. Ya ga idona, ya ga Inna, ya gane an faɗa. Wayata ta yi ƙara a aljihu, na duba: "Ina ƙasan benenku tun safe. Duk abin da kika yanke na karɓa." Inna ta wuce ta zauna a kan wani kwali, ta ba mu baya, amma na san kunnenta na wurina. In na bi ta, na karya umarni ɗaya tak na gaske da ta taɓa ba ni da sunana, bayan ta wuni biyu tana haddace shi. In na yi mata biyayya, rabuwarmu a filin jirgi ita ce ta ƙarshe, kuma wata ce za ta riƙe mata hannu.

Baba ya gyara murya, bai dube ni ba.

"Khairat, tambayi yayarki. Tikiti uku zan saya ko huɗu?"

Khairat ba ta san abin da aka faɗa a sama ba. Ta dubi bayan Inna, ta dubi Baba, ta dube ni, sai hawaye ya zubo mata. Ta matso ta kama gefen mayafina.

"Yaya," ta ce, "wai uku ko huɗu?"